Ranar awon lafiya idan ta faɗo cikin ruwan sama: yadda za ka tsara ta tun daga dare har zuwa yamma

Da yawa cikinmu muna ɗaukar awon lafiya aikin awa ɗaya ne, a je a miƙa hannu, a ɗebi jini, a dawo. A zahiri yini guda yake ci, kuma tun daren da ya gabata yake farawa. Idan ranar ta zo daidai da haɗuwar hadari, abubuwa biyu na iya ɓata ta. Na farko sanyi da gaggawa, waɗanda kan sa na'ura ta nuna abin da ba shi ne ainihin halin jikinka ba. Na biyu zaman jiran sakamako a ɗaki, ruwa ya hana fita, waya a hannu, kana ta binciken cututtukan da ba ka da su. Na farkon shiri ne maganinsa. Na biyun kuwa, a ganina, ba abin da ya kai tsohon kaset ko tsohon fim da ka tanada tun kafin ka fita.

Mataki na farko: ka san abin da za a auna

Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka kira asibitin ko ɗakin gwajin ka yi tambaya ɗaya: me da me za a auna, kuma wanne ne ke buƙatar in zo ban karya ba? Amsar ita za ta tsara maka daren.

Awon sukarin safe yana buƙatar aƙalla awa 8 ba ka ci komai ba. Awon kitsen jini a da ana cewa awa 9 zuwa 12, yanzu wurare da dama suna yin sa ko mutum ya ci abinci, don haka ka bi abin da wurin da za ka je ya ce. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jininka na wata biyu zuwa uku, ba ruwansa da ka ci ko ba ka ci ba. Hoton ciki, musamman idan za a duba matsarmama, yana son awa 6 zuwa 8 ba abinci. Hoton mara kuma yana son mafitsara a cike, wato ka sha ruwa ka riƙe fitsari.

Wannan rashin cin ba irin azumin ibada ba ne. Ruwa zalla an yarda da shi, ana ma so ka sha. Abin da aka hana shi ne shayi, kofi, lemo, cingam da sigari.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin kada ya yanke wa kansa hukunci. Shan maganin a kan cikin da ba komai na iya sa sukari ya faɗi ƙasa warwas, don haka ya tambayi likitansa yadda zai yi da maganin safiyar. Maganin hawan jini galibi ana ci gaba da shan sa kamar kullum, amma shi ma a tambaya. Masu shan ƙwayar biotin don gashi ko farce su faɗa, domin tana iya rikita sakamakon wasu gwaje-gwaje, har da na thyroid, wato ƙwayar da ke gaban wuya mai kumbura ta zama maƙoƙo. Ke kuma idan kina al'ada, ki faɗa tun a waya. Jinin na iya shiga fitsari ya ba da sakamakon ƙarya, kuma gwajin bakin mahaifa ya fi kyau bayan kin gama.

A nan ne kuma za ka tambayi ko shekarunka sun kai na wani gwaji na musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mata su fara gwajin ƙwayar HPV, mai jawo sankarar bakin mahaifa, daga shekara 30, a maimaita duk bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV ta fara tun tana 25. A Amurka an sauko da shekarun fara binciken sankarar hanji zuwa 45 a 2021, sannan a 2024 aka ce mata su fara hoton mama daga shekara 40, duk bayan shekara biyu. Kowace ƙasa da nata tsarin, kuma tarihin danginka na iya sa likita ya ce ka fara da wuri.

Mataki na biyu: daren da ya gabata

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da safe kana jin yunwa, ruwa na zuba, ba lokacin neman katin asibiti ba ne.

Ka ci abincin dare irin wanda ka saba. Wasu kan yi wa likita wayo, su ƙi cin mai da zaƙi kwana biyu don sakamako ya yi kyau, alhali kansu suka yaudara. Kada kuma ka yi motsa jiki mai tsanani a ranar, ko ka cika ciki da nama, domin duka biyun suna iya ɗaga kiriyatinin, sinadarin da ake duba lafiyar ƙoda da shi. Namijin da za a yi wa gwajin PSA, na duba lafiyar prostate, ƙwayar da ke ƙasan mafitsarar maza, ya guji kusantar iyali da doguwar tafiya a keke na kwana biyu.

Sai haɗa jaka. Katin asibiti, takardar likita da tsofaffin sakamako su shiga leda mai rufewa, a ninke bakinta. Tawadar wasu takardun gwaji ba ta jure ɗigon ruwa ko ɗaya. Ka sa dukkan magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari. Gara likita ya karanta sunan da idonsa da ka tsaya kana cewa “wata 'yar farar ƙwaya ce ƙarama”. Ka ƙara da gorar ruwa, abin da za ka karya da shi bayan ɗibar jini, ƙaramin tawul, safa busasshiya da riga ɗaya ta canji. Rigar da za ka sa ta zama mai faɗin hannu, wadda za ta naɗe har kafaɗa ba tare da ta matse damtse ba. Rigar sanyi mai buɗewa ta gaba ta fi wadda ake cirewa ta ka.

A wata takarda ka rubuta abin da ke damunka da cututtukan da suka kama iyaye da 'yan uwa na jini: hawan jini, sukari, shanyewar ɓarin jiki, sankara, ciwon hanta. A gaban likita mutum kan manta rabin abin da ya zo da shi.

Abu na ƙarshe kafin ka kwanta, ka zaɓi abin da za ka kalla ko ka saurara gobe da yamma, ka ajiye shi a fili. Zan dawo kan dalilin.

Mataki na uku: hanya

Ka fita da wuri fiye da yadda ka saba, da ƙarin rabin awa aƙalla. Manufar ita ce ka isa ka zauna ka huce kafin a kira sunanka.

Idan kai ke tuƙi, ka tuna nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yakan ninka a jiƙaƙƙen titi, kuma ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba ya fi santsi, saboda man da ya taru a kan kwalta. Kana tuƙi ne ba ka karya ba, hankalinka bai kai na kullum ba. Idan an ce za a ɗiga maka maganin buɗe ƙwayar ido, kada ma ka ɗauki motar, domin gani yakan yi dishi-dishi na awa 4 zuwa 6.

Ruwa mai gudu a kan hanya ba abin gwaji ba ne. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta ce ruwa mai zurfin santimita 15 kacal, idan yana gudu, zai iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma ya ɗauke ƙaramar mota. A ƙarƙashinsa ba ka ganin buɗaɗɗiyar kwata ko wayar lantarki da ta faɗo. Idan ana walƙiya, ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin hasken da ƙarar tsawa. Kowane daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ne. Muddin kana jin ƙarar, kana inda za ta iya kaiwa, don haka kada ka fake a gindin bishiya, ka shiga gini ko mota mai rufi. Idan abin ya yi kamari, ka kira ka ɗage ranar. Awon lafiyar wanda ba shi da ciwo zai iya jira mako guda.

Mataki na huɗu: a cikin asibiti

Nan ne shirin zai yi amfani, kuma nan ne mutane suka fi sakaci.

Da isarka ka goge jiki, ka canja abin da ya jiƙe. Sanyi yana sa jijiyoyin jini su tsuke. Idan suka tsuke, awon jini yana hawa, kuma mai ɗibar jini yana shan wahalar samun jijiya. Wanda ya shigo a guje daga cikin ruwa, yana haki, rigarsa na ɗiga, aka ɗaura masa na'ura nan take, lambar da za ta fito ba tasa ba ce ta kullum.

Ga yadda awon hawan jini na gaskiya yake. Ka yi fitsari tukuna, sai in an ce ka riƙe don hoto ko gwaji. Ka zauna shiru na minti biyar, baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ba. Hannu ya kwanta a kan tebur daidai tsayin zuciya, abin ɗaurin ya zauna a kan fata ba a kan riga ba. Kada ka yi magana yayin da na'urar ke aiki, ko da gaisuwa ce. Idan damtsenka babba ne ka nemi babban abin ɗauri, domin ƙarami yana ƙara lamba. Idan lambar ta fito sama, ba rashin kunya ba ne ka ce: “Sista, don Allah ko za a sake bayan na ɗan huta? Yanzu na shigo daga cikin ruwa.” Ma'aikaciyar da ta san aikinta ba za ta ƙi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abu hawan jini ne idan ya kai 140 bisa 90 ko sama a ranaku biyu daban-daban. A Amurka tun 2017 an sauko da iyakar zuwa 130 bisa 80. Ko wanne aka bi, awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Akwai mutanen da ganin farar rigar likita kawai ke ɗaga musu jini, a gida kuma lafiya lau. Irin waɗannan akan ce su riƙa aunawa a gida safe da yamma na wasu kwanaki suna rubutawa.

Sai ɗibar jini. Ka nemi a fara da ita idan da hali, don ka samu ka karya. Mai ɗibar zai ɗaure damtse da roba, ya ce ka dunƙule hannu, ya riƙa laluben gwiwar hannun da ɗan yatsa har ya ji jijiyar ta taso, ya goge da auduga mai sanyi, sannan ya soka. Wanda ya sha ruwa kuma hannunsa da ɗumi, sau ɗaya ake yi a gama. Dunƙulewa ɗaya ta isa, kada ka yi ta matsawa kana saki, domin hakan na iya ɗaga sinadarin fotashiyam a sakamakon. Idan ka taɓa suma ko jin jiri wajen allura, ka faɗa tun farko a kwantar da kai. Ba abin kunya ba ne, ƙarfafan maza ma suna zubewa. Bayan an zare allurar ka danne audugar na minti biyu zuwa uku, hannu a miƙe. Lanƙwasa hannu da aka saba yi shi ke sa wurin ya yi baƙi. Mai shan maganin tsinka jini ya danne fiye da haka. Kafin ka tashi, ka leƙa kwalaben ka tabbatar sunanka ne a jiki.

Fitsarin gwaji na tsakiya ake so. A wanke gaba, a zubar da na farko, a tara na tsakiya a kwalbar ba tare da an taɓa cikinta ba.

Nauyi da tsawo ba su da wuya, sai dai ka cire jiƙaƙƙen takalmi da rigar ruwa kafin ka hau sikeli. Lissafin BMI, mai nuna ko nauyinka ya dace da tsawonka, shi ne nauyinka a kilo a raba shi da tsawonka a mita sau biyu. Mai kilo 81 da tsawon mita 1.8 zai samu 25. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce, 30 zuwa sama ƙiba ce. Ni na fi ba awon ƙugu muhimmanci, domin kitsen tumbi ya fi haɗari, kuma BMI ba ya bambanta tsoka da kitse. Ƙugun da ya wuce santimita 102 ga namiji ko 88 ga mace ya shiga inda ake damuwa sosai.

Kafin ka bar wurin ka tambayi abu uku: yaushe sakamako zai fito, ta yaya zai iso gare ni, wa zai yi mini bayaninsa?

Mataki na biyar: yammacin ranar

Ka karya, ka koma gida, ka yi wanka da ruwan ɗumi, ka sa busassun kaya. Kada ka ɗauki kaya mai nauyi da hannun da aka soka har zuwa dare.

Yanzu ne zullumi ke shigowa. An ɗebi jininka, yana can a wani ɗaki, wani zai san abin da kai ba ka sani ba tukuna. Waje ruwa ya ƙi tsayawa. Idan ka ɗauki waya a wannan hali, cikin minti goma za ka haɗa wa kanka cuta uku. Shi ya sa na ce ka zaɓi abin kallo tun jiya, lokacin da hankalinka ke kwance.

Me ya sa tsohon abu ba sabo ba? Sabon fim yana neman ka bi labari, ka riƙe sunaye, ka jira abin da zai faru, kai kuwa jira ya ishe ka yau. Wanda ka kalla tun kana yaro ka san ƙarshensa, ba zai ba ka mamaki ba, kuma yana dawo maka da mutanen da kuka kalla tare da ɗakin da kuka zauna. A 1688 wani ɗalibin likitanci a jami'ar Basel, Johannes Hofer, ya rubuta cewa kewar gida cuta ce, aka kuma daɗe ana kallonta haka. Masu binciken halayyar ɗan Adam na zamaninmu, irin su Constantine Sedikides da Tim Wildschut na jami'ar Southampton a Ingila, sun nuna cewa tuna baya yana rage kaɗaici, yana sa mutum ya ji yana da mutane. A wani bincike da suka fitar da abokan aikinsu a 2012, an ga mutane sun fi kewar da a ranakun sanyi, kuma waɗanda suka tuna wani abin daɗi na baya sun ji ɗakin da suke ciki ya fi ɗumi. Masana kuma sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya fi riƙewa a ransa shi ne wanda ya faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Daga wannan zangon za ka zaɓa.

Idan an ɗiga maka maganin ido, bar allo, ka nemi abin saurare: waƙoƙin ƙuruciya, tsohon wasan kwaikwayon rediyo, ko sharhin wani wasan ƙwallo da ka san yadda ya ƙare. Idan ana tsawa, cire talabijin da duk abin da ke jone da bango, ka koma kan rediyo mai batir ko wayar da ka riga ka cika da caji ka sauke abin a kanta. Karta, ludo da kundin tsofaffin hotuna ba sa buƙatar wuta ko kaɗan, kuma suna jawo mutanen gida su zauna kusa.

Wanda har yanzu yake da akwatin kaset yana da ɗan aiki kafin ya more. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, JVC ya kawo bidiyon VHS a 1976, Sony ya kawo Walkman a 1979, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera injin bidiyo, ya daina a 2016. Wato injin bidiyon da ke hannunka idan ya mutu, sabo ba ya nan. Danshi shi ne babban maƙiyin zaren kaset. Ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa ta 'yar tagar. Idan ka ga fari-fari kamar gari a kan naɗin, fumfuna ce, kada ka sa shi a inji, zai ɓata kan injin ya kuma shafa wa sauran. Idan zaren ya saki, zura biro a ramin ka juya a hankali har ya ɗame. Buɗe gidan batir ka duba, tsohon batir kan zubar da farin gishiri ya ci ƙarfen. Kan rakodar kuma a goge shi da 'yar auduga da sifirit, a bari ya bushe. Idan murya ta fito tana ja kamar mai jin barci, yawanci robar da ke juya injin ce ta saki. Duk kaset ɗin da ke ɗauke da muryar wani naka, ka ajiye waya kusa da lasifika ka naɗe shi tun yau, domin zaren yana lalacewa ko ba a kunna shi.

Akwai inda za a yi hattara. Idan rasuwa ko rabuwa ba ta daɗe ba, waƙar da ke tuna maka da mutumin ba ta wannan yammacin ba ce. Ɗauki abin dariya. Idan kuma abin ya tuna maka da aboki da yake raye, kira shi ku yi ta “ka tuna lokacin da”. Awa biyu ko uku sun isa, ka kwanta da wuri.

Mataki na shida: idan takardar ta iso

Za ka ga lambobi, kusa da kowace akwai iyakar da ake ɗauka daidai, wasu an yi musu alama. Kafin gabanka ya faɗi, ka san yadda ake tsara iyakar. Ana auna masu lafiya da yawa, a ɗauki inda kashi 95 cikin ɗari suka faɗa. Wato mutum ɗaya cikin 20, lafiyarsa ƙalau, zai fita waje a kowane gwaji. Idan aka yi maka gwaji 20 da ba su da alaƙa da juna, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da alama ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Likita yana duba nisan fitar da yadda lambobin suka haɗu da juna da kuma labarinka.

Sukarin safe ƙasa da 100 mg/dL daidai ne, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama ciwon sukari ne idan an maimaita an sake samu. A HbA1c iyakar ita ce kashi 6.5, sai dai ƙarancin jini ko sikila na iya karkatar da shi. Jimillar kitsen kolastarol ana son ta ƙasa da 200 mg/dL. Haimogilobin ƙasa da 13 g/dL ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki, ƙarancin jini ne. Lambar eGFR, mai nuna yadda ƙoda ke tace jini, ƙasa da 60 ba ta zama ciwon ƙoda mai ɗorewa sai ta zauna haka wata uku.

Abin da ba a jira da shi, ko ruwa ko rana: awon jini da ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai, dishewar gani, karkacewar baki ko mutuwar hannu. Wannan sai sashen gaggawa nan take. Haka ma idan ɗakin gwajin da kansa ya kira ka ya ce ka dawo yau.

Ka ɗauki hoton takardar a waya, ka ajiye ta asali tare da na baya bisa jerin kwanan wata, domin yadda lamba ke tafiya daga shekara zuwa shekara ya fi lambar rana ɗaya faɗar gaskiya. Wajen kwatantawa ka lura da ma'aunin, wani ɗakin gwaji yana rubuta sukari da mg/dL, wani da mmol/L. Ana raba na farko da 18 a samu na biyu, don haka 126 a wannan takarda shi ne 7.0 a waccan.